Gurbin Mai Laifi

Maigidana magini ne. Tun da aka kawo ni gidansa a nan Potiskum ban san shi da wata sana'a ba, in an ɗebe ɗan noman damina da kowa ke taɓawa. Wanda ya koya masa ginin wani dattijo ne daga wajen Fika, cikin Bolewa. Ya girme shi da yawa, amma zaman tare ya mai da su wa da ƙane. Maigidan yana ce masa Yaya, yara suna ce masa Baffa, ni ma na bi bakin yara. Shi kuwa har furfura ta fito mini bai daina kirana amarya ba. Ba ya tsayawa a zaure kamar sauran maza. Sallama ɗaya yake yi ya shigo tsakar gida, ya jawo tabarma da kansa.

"Amarya, yau ma an hana mu man shanu?" in ji shi, bayan ya suɗe kwanon tas.

"Baffa, ai kai ka ƙarar da shi jiya."

"To ki gaya wa mijin nan naki ya rage rowa. Gini na koya masa, wannan halin ban san inda ya samo shi ba."

Haka muke da shi.

A zamanin da nake magana, in rigima ta tashi a kan gini ba kotu ake zuwa ba. Katanga ta tsage, ko ɗaki ya karkace, ko indararon wani yana zuba a bangon maƙwabcinsa, sai a kira dattawan magina. Baffa ne babbansu a unguwarmu da kewaye, maigidana na bi masa. Su je su duba, su ƙwanƙwasa, su tona gindin bangon da ɗan itace. Can sai babban ya gyara murya ya ce ƙasar wurin ce ba ta da kyau, ko ruwan bana ya yi yawa, ko gara ce ta shiga. Ban taɓa jin an ce wane ne ya ɓata ba. Sai a sa ranar gyara. Ran nan duk maginin da ya ji labari zai zo, babu lada sai abincin da mai gidan zai fitar. Wanda ya yi kuskuren kuwa ya san kansa, kowa ma ya san shi. Shi zai riga kowa zuwa, ya tuɓe riga, ya kwaɓa ƙasa ko siminti, ya yi ta jido yana miƙa wa na kan bango. Aikin lebura zai yini yana yi, ko da shi ne babban magini a garin, kuma ba zai taɓa cokalin gini ba ranar. Horonsa ke nan. Da yamma a wanke hannu a ci abinci tare, washegari ya koma bakin aikinsa da mutuncinsa.

Maigidana kansa ya taɓa yin irin wannan yini farkon aurenmu. Ya dawo kafaɗa duk ta saɓule, na ɗora masa ruwan zafi, ban tambaye shi ba. Sai bayan shekaru na ce masa, "Malam, wannan ɗora wa ƙasa laifi da kuke yi, ba ƙarya ba ce?" Ya ce, "Ƙasar ma tana da nata. Mu nata muke faɗa. Nasa kuma kafaɗarsa ce ke faɗa."

Da aka ba mu jihar Yobe sai gari ya fara cika. Ma'aikata suka zo daga kudu da tsakiyar ƙasa, 'yan kasuwa suka zo, Fulanin da da can sai ranar kasuwar shanu ake ganinsu suka fara sayen filaye suna zama. Ginin ƙasa ya ja baya, bulo da siminti suka shigo, kowane yaro da ya yi damina ɗaya yana miƙa bulo sai ya sayi cokali ya ce shi birkila ne. Rigima ta yi yawa. Kuma baƙon da bai san ka ba, bai san ubanka ba, ba za ka tsaya a gabansa ka ce masa gara ce ta tsaga bangon siminti ba. Wani ma'aikaci da aka yi wa haka ya saurari dattawan har suka gama, ya ce ya gode, da yamma sai ga birkilan da ya yi masa aikin a ofishin 'yan sanda. Dattawan suka yi ta sintiri kafin a sako shi. Abin da aka ce musu a can shi ne, in har suna da hanyarsu ta sasanci, to su riƙa kawowa a rubuce, da sa hannun kowa, sai a bar musu abinsu.

Nan maganar fom ta samo asali, kuma nan 'yar farina ta shigo ciki.

Ta gama sakandare, ta koyi buga keken rubutu, sannan ta samu aiki a shagon wata mata 'yar kudu kusa da tasha, wadda kowa ke ce wa Madam. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ɗin nan ne Madam ta kawo kwamfuta shagon. Mutane har leƙe suke zuwa yi. Yarinyar ta iya ta da wuri. Ni dai 'yar fari ce, ba na kiran sunanta, ba na yabonta a gaban mutane, amma Allah ya san abin da ke raina in na ga ta ɗauki jaka da safe. Ni karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da goyo a bayana na yi shi, har yau in zan karanta abu sai na bi shi da yatsa. Ga wadda na haifa tana magana da inji.

Ubanta da Baffa suka ce ta tsara musu takardar. Ta ce ba takarda ɗaya za ta buga ba. Za ta yi musu fom ne a cikin kwamfutar, ya zauna a can, duk sanda aka yi sasanci a cike da biro a kawo mata, ta shigar, ta fitar wa kowa da nasa, asalin ya zauna a ajiye. Ko takardar ta ɓace, abin na nan.

Wata rana bayan la'asar ta zauna a bakin ɗakina da littafinta a cinya, su biyu suna kan tabarma, ni ina tsince wake. Tana karantowa, suna gyarawa. Sunan mai gida. Sunan magini. Unguwa. Irin ginin, na ƙasa ne ko na bulo. Abin da ya lalace. Shaidu. Baffa ya ce a ƙara wurin da za a rubuta ko da damina aka yi aikin ko da rani, ta ƙara. Maigidan ya ce a sa wanda ya sayo kayan aiki, don wani mai gidan shi ke kawo mataccen siminti sannan ya zo yana kuka, ta sa. Sai ta ce, "Saura biyu. Wanda laifi ke kansa. Sai wanda zai gyara."

Maigidan ya girgiza kai. Ya ce, "Mu ba ma faɗar wannan."

Ta ce, "Baba, Madam ta ce takardar da ba ta faɗi mai laifi ba, babu ofishin da zai kalle ta. Za su ce ba a yanke komai ba."

Baffa ne ya buga cinya, ya dubi yarinyar, wadda yake ce wa uwata. "Sa shi, uwata! Sa shi da manyan baƙaƙe. Yaran nan da ke ɗora bulo kamar suna jera tumatir a tire sun ɓata mana suna a gari. In mutum ya san injin Madam zai haɗiye sunansa, zai riƙa ɗaura igiya kafin ya ɗora."

"Yaya, a dai yi tunani."

"Kai kullum tunani. Tun kana yaro haka kake, a ce miƙo ƙasa sai ka tsaya tunani har ta bushe."

Muka yi dariya, har shi maigidan. Aka sa.

Ranar da ta gama, ta roƙe ni in biyo ta shagon in na fito daga kasuwa. Na je da kwandona a hannu. An ɗauke wuta, janareta na ta ƙara a baya, Madam ta ba ni kujera tana ce mini Mama da irin Hausarta. Yarinyar ta danna wani abu, sai ga shi ya fito a gilashin, fari tas, da layuka a miƙe kamar an ja su da igiyar gini, kowace tambaya da gurbinta a gaba. Na matso na sa yatsa, ta ce kada in taɓa gilashin, sai na riƙa bi daga nesa. Na karanta shi tun daga sama har ƙasa, da Hausa, babu inda na tsaya. Da na zo gurbin nan na ce, ba tare da na dube ta ba, "In kuma babu mai laifi fa?"

Ta yi murmushi. "Inna, in babu mai laifi me zai kawo su?"

Na ga maganarta gaskiya ce. Ta zaro wani ɗan faifai baƙi mai kusurwa huɗu ta nuna mini, ta ce duk abin yana cikin nan. Na juya shi a hannuna, ba shi da nauyin komai. Na dawo gida ranar ina jin kamar ni na ƙera injin.

Kuma fom ɗin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Daga lokacin ba a sake kwana da wani magini a ofishin 'yan sanda ba a sanina. Baƙi suka yarda da dattawan, don suna fita da takarda a hannu. Wani lokaci mai gida ne ake rubutawa a gurbin, wani lokaci birkila. Samari biyu ko uku aka rubuta a farkon, suka yi ta ƙunƙuni, suka gyara abin da suka ɓata, aka wuce. Har daga Nangere aka zo ana tambayar yadda aka yi. Baffa in ya shigo sai ya ce, "Ina uwata mai inji? Yau wa kika haɗiye?"

Sai aka zo kan katangar wani Bafulatani, falken shanu, da ya sayi fili ta wajen Ngojin. Filin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara da ƙasa shekarun baya, duk tsofaffin gari sun san haka. Baffa ne ya karɓi aikin. Mutumin yana gaggawa, iyalinsa na rugga yana so ya kawo su kafin ruwa ya sauka, kullum yana tsaye a kan ma'aikata yana cewa don Allah a hanzarta. Baffa ya san wurin yana son a haƙa harsashi da zurfi har a tarar da ƙasa mai tauri. Amma mutum ne da ba ya iya ce wa wanda ya girmama shi a'a, kuma ga tsufa, ga ido ya fara rauni, ba ya sauka ramin da kansa kamar da. Aka haƙa daidai gwiwa aka zuba kankare. Ruwa na sauka sosai, katangar gabas ta zauna, ta tsage tun daga sama har ƙasa, hannu na shiga.

A zaurenmu aka yi zaman, da hantsi, tunda Baffa ba zai shugabanci maganar da ta shafe shi ba, sai mai bi masa, wato maigidana. Na aika da kunu, na zauna a bayan bangon zauren da tankaɗe a gabana. Ba laɓe nake ba, wurin aikina ne, amma komai ina ji.

Bafulatanin ya fara. Ya ce shi wallahi ba ƙara ya kawo ba. Dattijon nan sa'an mahaifinsa ne. Gyara kawai yake so, yara na kwana a gidan.

Maigidan ya gyara murya. Na san abin da zai faɗa tun kafin ya faɗa. Ya ce sun je sun duba, wurin tsohon kududdufi ne, ƙasar ba ta da ƙarfi, ga ruwan bana.

Sakataren ƙungiyar magina, wani birkila mai matsakaicin shekaru da ke riƙe da biro, ya ce, "To Malam, me zan rubuta a gurbin?"

"Rubuta ƙasa."

"Babu wurin ƙasa. Mai gida ne ko magini."

"To bar shi haka."

Sai wani daga cikin samarin da aka taɓa rubutawa ya yi magana daga bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba, kuma ba rashin kunya ya yi ba. Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, iyayenmu. Ranar da aka zauna a kaina, ni ma ruwa aka yi, ba wanda ya tuna da ruwa. Aka rubuta ni. In na manya ƙasa ce ke ɗauka, na yara kuma inji, to a gaya mana mu sani."

Na ajiye rariya. Ina jin kukan akuyar maƙwabta, ina jin wani yana jan carbi. Yaron nan bai faɗi ƙarya ba, kuma duk wanda ke wurin ya san haka.

Muryar Baffa ce ta fito, a hankali, Hausar tasa ta ƙara nauyin harshen gida kamar yadda take yi in ransa ya sosu. "Yaron ya yi gaskiya. Ni na ce a sa gurbin nan. Rubuta ni."

"Yaya..."

"Kai ne shugaba yau. Ba shi izini ya rubuta."

Daga baya maigidan ya gaya mini kai kawai ya gyaɗa. Aka rubuta magini a gurbin laifi, aka rubuta magini a gurbin gyara, kowa ya sa hannu, Baffa ya dangwala yatsa. Ranar bai shigo tsakar gida ba. Na ji takalminsa ya fita tare da na sauran.

Washegari sakataren ya kai wa yarinyar takardar shago. Ita ta buga sunan da hannunta. Ta dawo da yamma ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Na zuba mata tuwo na ajiye a bakin ƙofa, har ya huce ba ta taɓa ba. Na so in shiga in zauna kusa da ita, amma ba mu saba haka ba ni da ita. Na ɗauke kwanon na ɗumama, na sake ajiyewa.

Ranar gyara maigidan ya fita bayan sallar asuba, yana zaton zai riga kowa. Ya tarar Baffa ya riga shi, ya tuɓe riga, ya tara yashi, yana kwaɓa siminti shi kaɗai. Suka jira sauran. Rana ta ɗaga, wani dattijo ɗaya ya zo. Ba wanda ya ƙara zuwa. Ba ƙeta ba ce. Takarda ta ce magini ne zai gyara, kowa ya ɗauka an gama magana, ya tafi neman abincinsa. Su samarin ma haka aka bar su suka gyara nasu, ba wanda ya lura, don suna da ƙarfi. Tsofaffi uku suka rushe katangar, suka haƙa, suka tayar, aikin da a da taron magina ke gamawa kafin la'asar ya ci musu kwanaki. Baffa bai taɓa cokali ba har aka gama. Maigidan ya roƙe shi ya hau ya ɗora ko layi ɗaya, shi ya karɓi jidon, ya ƙi. Mutum mai jikoki yana ɗaukar kwanon kwaɓi a ka, 'yan unguwa na wucewa suna kallo.

Na ɗauka shi ke nan, an biya. Ashe takardar ba ta san an biya ba.

Bafulatanin ya tafi da tasa kasuwar shanu, yana nuna wa abokansa. Yabo yake yi. Yana cewa ku dubi maginan Potiskum, babbansu ma ba su ƙyale shi ba, mutanen kirki. Waɗanda suka ji kuwa abu ɗaya suka riƙe, wane an sa shi a kwamfuta. A lokacin mutane ba su san iyakar abin ba. Wasu na cewa duk abin da ya shiga ciki har Damaturu ana gani, wasu na cewa har Legas. Masu son gini suka fara biyawa ta shagon Madam suna tambaya ko sunan wane na ciki. Yarinyar ba ta faɗa musu, amma ba sai ta faɗa ba. Wani Alhaji da Baffa ya gina wa gidansa na fari da na biyu ya tashi yin na uku, sai ya kira wani. Da suka haɗu a masallaci ya yi ta ba shi haƙuri, wai 'ya'yansa ne suka matsa. Rani guda ya wuce Baffa bai samu aikin da ya fi toshe ɓaraka ba.

Yana zuwa gidanmu har lokacin, amma a zaure yake tsayawa. In na aika a ce ya shigo, sai ya ce a gaishe ni, yana sauri. Wata rana na yafa mayafi na fita zauren da kaina na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ya rame. Na ce, "Baffa, ga man shanu an kawo mini mai kyau." Ya ce, "Allah ya yi albarka, Hajiya." Ban je Makka ba a lokacin. Na koma ciki na zauna a bakin murhu na daɗe.

Yarinyar ta goge sunan. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta goge daga injin, ta goge daga faifan, sannan ta sa ubanta ya raka ta har gidan Baffa ta gaya masa. Ubanta ya gaya mini cewa Baffa ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Uwata, ba ki yi laifi ba. Aikinki kika yi, kuma kin iya. Amma ki mayar. In kika cire nawa kika bar na yaran can, kin mai da ni abin da yaron nan ya faɗa." Ta dawo tana kuka a hanya. Ban san ko ta mayar ba, ban taɓa tambayarta ba.

Maigidan ya kai maganar taron ƙungiya, ya ce a cire gurbin, ko a ƙara na uku da za a riƙa rubuta ƙasa ko ruwa. Aka yi ta muhawara. Masu cewa a bari suka fi yawa, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce gurbin nan ne ya raba su da kwanan ofishin 'yan sanda, in aka buɗe na uku kowa can zai gudu. Ya dawo ya ce mini, "Ban iya kayar da su ba, don ni ma rabin zuciyata na wurinsu." Abin da suka yarda da shi kawai, a koma fita gyara tare kamar da, ko wa aka rubuta. An yi hakan sau ɗaya ko biyu, sannan ya mutu da kansa.

Kafin damina ta gaba Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu ta wajen Fika. Ya ce gona yake so ya kama tun da sauran ƙarfi. Ya zo sallama da rana tsaka, lokacin da ya san maigidan na wurin aiki, ya bar saƙo a bakin yara.

Na sha zama ina juya abin nan a raina, ina neman wurin da za a ce nan ne aka kauce. Yarinyar abin da aka roƙe ta ta yi. Saurayin nan gaskiya ya faɗa. Bafulatanin yabo ya yi. Maigidan ba shi da wata ƙofa. Harsashin kuma da gaske bai yi zurfi ba. Sai dai na san in da a shekarun baya ne katangar nan ta tsage, da Baffa ya yini ɗaya yana jido, ya kwana da ciwon kafaɗa, ya ci gaba da gini a garin nan har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Bayan kaka maigidan ya ce in shirya mu je mu gaishe su. Muka hau motar Fika, muka sauka a hanya, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin karan dawa. Matarsa ta tarbe ni da murna, muka rungume juna, ta ja ni ciki. Shi kuwa muka same shi a bayan gida yana ginin rumbu. Ya kai shi daidai ƙirji, yana ɗora curin ƙasa yana shafewa da tafin hannu, yana zagayawa a hankali. Ban taɓa ganin rumbu mai kyan wannan ba, cikinsa sumul kamar tulu. Ya ga mu ya yi fara'a, ya wanke hannu, ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, aka kawo fura. Ya tambayi mutanen Potiskum, ya tambayi uwarsa mai inji, ya ce a gaya mata yana sa mata albarka.

Da aka ɗan jima ya ce ƙasarsa za ta bushe, bari ya ƙarasa layin. Ya tashi. Maigidan ma ya miƙe, ya fara cire babbar rigarsa, ya naɗe hannun ta ciki, ya nufi wurin kwaɓin.

Baffa ya ɗago hannu. "A'a, Malam. Zauna. Kai baƙo ne, kada ka ɓata kayanka."

"Yaya, ko miƙo maka in riƙa yi."

"Na gode. Na saba ni kaɗai."

Maigidan ya tsaya da rigar a hannu. Sannan ya dawo ya zauna a tabarmar, ya ninke ta ya ɗora a cinya. Ina daga ƙofar gida ina ganinsu. Baffa yana sunkuyawa ya ɗebo ƙasa, ya miƙe ya ɗora, ya sake sunkuyawa. Maigidan yana zaune yana kallonsa har aka kira la'asar. Muka yi salla, muka yi sallama, ya rako mu har bakin gona ya juya.

A mota, da muka hango fitilun Potiskum, maigidan ya juyo wurina. Ya ce, "Rumbun nan zai daɗe." Na ce Allah ya sa. Ba su ƙara aiki tare ba har Allah ya karɓi ran Baffa.